Wata Takwas a Parel, Unguwar Masu Jinya

Duk Bahaushen da ya haura shekara arba'in ya san Bombay tun kafin ƙafarsa ta taka ta. A silima muka santa, daga baya a kaset ɗin bidiyo: garin rawa da waƙa, inda ruwan sama ba ya sauka sai jarumi ya haɗu da budurwarsa. Mu 'yan kasuwa mun ƙara saninta ta fuskar yadi da turare da magunguna da kayan gyaran babur. Tun 1995 hukuma ta sauya mata suna zuwa Mumbai, amma har gobe za ka ji direbobin tasi suna cewa Bambai. Akwai kuma fuska ta uku, wadda ba a haska ta a fim, ba a kuma zuwa sari a cikinta, ita ce unguwar Parel. Can na yi wata takwas ina jinyar ɗan ƙanena. Tun da na dawo Duwala kuwa da wuya a yi mako wani bai tare ni da tambaya a masallaci ko a bakin shago ba, shi ya sa na ga gara in rubuta abin sau ɗaya, mai bukata ya karanta.

Yaron shi ne autan ɗakinsu, Auta muke ce masa. Shekararsa 16 a lokacin, ɗan ƙwallo ne na ƙin ƙarawa a New Bell. Ya fara kukan ciwo a saman gwiwarsa ta dama, aka ce targaɗe ne. Mai ɗori ya ja, ya shafa, ya ɗaure. Da kumburi ya ƙi saɓewa aka ce sanyi ne, aka yi tsaga, aka yi jiƙe-jiƙe, har wata huɗu ta wuce. Ba raina masu ɗori nake yi ba, karaya ta gaskiya sun san kanta. Amma fa targaɗe cikin mako biyu zuwa uku yake sauƙi. Ciwon da ke tada yaro daga barci da tsakar dare, da kumburin da kullum ƙara girma yake yi yana tauri yana ɗumi, a kusa da gwiwa ko kafaɗa, ga yaro mai tasowa, wannan hoton ƙashi yake so, ba man shafawa ba.

Hoto ɗaya wani likita ya ɗauka a nan Duwala ya kira mu ofis, ni da uban yaron. Ya ce yana zargin sankarar ƙashi ce, wadda suke kira osteosarkoma. Ita ce ta fi kama matasa, kuma ta fi son wuraren da ƙashi ke ƙara tsawo: ƙarshen ƙashin cinya, saman ƙashin ƙwauri, saman ƙashin damtse. Ya ce abin da zai iya yi mana a inda yake shi ne ƙarin ruwan maganin daji, wato kemo, sannan a yanke ƙafar daga cinya. In kuma muna da halin fita neman inda za a ceci ƙafar, to kada mu bari kowa ya tsaga wurin da sunan ɗibar nama don gwaji, sai likitan da shi zai yi babbar tiyatar. Dalili, duk hanyar da allura ko wuƙar gwaji ta bi tana iya ɗaukar ƙwayoyin ciwon, don haka ranar tiyata dole a cire hanyar tare da ƙarin. Idan aka tsaga ta inda bai dace ba, ana iya rasa ƙafar da a da za ta tsira. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri.

A gida kuwa iyayenmu mata suka ce daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, da an taɓa shi sai ya fusata. Kowa ya san wannan maganar. Ina jin asalinta daga irin wannan tsagar ganganci ne, da kuma waɗanda ake kaiwa asibiti bayan ciwo ya riga ya ci jiki, a yi aiki, su rasu, a ce aikin ne ya kashe su.

Ana cikin haka sai ga dillalai. Wallahi ban san ta inda suke jin labari ba sai dai ka ga saƙo ya shigo WhatsApp. Ɗaya daga cikinsu ya turo wa ƙanena takarda mai hotuna, wai akwai inda ake zuba maganin a cikin ƙafar kaɗai, ba ya zagaya jiki, gashi ba ya zuba, ba amai, ba yanke ƙafa, a biya rabin kuɗi kafin a taso. Ƙanena ya riƙe takardar nan kamar laya. Wane uba ne ba zai riƙe ba? Ni kuwa shekara talatin ina cikin dillalai, na san duk hajar da aka ce ba ta da aibi ko ɗaya, to mai tallar ne bai faɗa ba. Muka yi ta ja-in-ja har muka tsaya a kan cewa za a je babban asibitin da harkar sankara ce kaɗai aikinsa, in tambayi likitoci maganar baki da baki. Ni aka ɗora wa tafiyar don ina jin Ingilishi tun zamana a Kano, shi kuwa Faransanci ya iya. Ya sayar da filinsa na Ngaundare, 'yan uwa 'yan kasuwa suka yi karo-karo, na bar shago a hannun babban ɗana.

Takardu ba su da yawa: bizar jinya ta mara lafiya da ta mai rakiya, wasiƙar asibiti, da katin rigakafin shawara, wanda in babu shi kada ma mutum ya fara. Muka bi ta Adis Ababa muka sauka Mumbai cikin azumi. Agogonsu ya riga namu da awa huɗu da rabi. Abin da ya fi ba ni dariya a ranar farko shi ne salla: duk rayuwata gabas nake fuskanta, a can kuwa alƙibla yamma take, inda rana ke faɗuwa cikin teku. Na kuma zaci zan ga Keke Napep ko'ina tunda ƙasarsa ce, ashe ba a barinsa ya shiga tsohon gari. A Parel sai tasi baƙi da ruwan ɗorawa, sai bas, sai jirgin ƙasan da mutane ke lilo a ƙofarsa.

Parel unguwar masaƙu ce a da. Nan da kewayenta ne aka yi ta saƙa yadin da ya yi wa Bombay suna, har yankin ya sami laƙabin Girangaon, ƙauyen masaƙu. A 1982 ma'aikata suka tafi babban yajin aiki a ƙarƙashin Datta Samant, daga nan masaƙun suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Yau za ka ga dogon bututun hayaƙi na jan bulo tsaye shi kaɗai a tsakanin benaye na gilashi. Wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke busa ƙaho ya san irin wannan kewar, sai dai su filinsu ya yi daraja. Abin da ya rage wa unguwar na da shi ne kasuwar yadi ta Hindmata, da asibitoci. Ga KEM da aka buɗe a 1926, ga asibitocin Wadia na mata da na yara, ga kuma Tata Memorial da aka buɗe a 1941. Gidauniyar Dorabji Tata ce ta gina shi, attajirin da matarsa Meherbai ta rasu da sankarar jini a 1931. Tun 1962 yana ƙarƙashin ma'aikatar makamashin nukiliya ta ƙasar.

Kafin ka ga asibitin za ka ga mutanensa. Gefen titi cike yake da iyalai daga Bihar da Uttar Pradesh da Bengal, sun ɗaura shuɗiyar leda a jikin katanga, ga risho, ga tukunya, ga mara lafiya kwance da ƙyallen rufe hanci. Kowa rungume da fayil ɗinsa, ko barci zai yi matashi yake yi da shi. Talakan Indiya ana yi masa magani kyauta ko da rangwame mai yawa, amma magani na wata da watanni ne, ɗaki kuwa a Mumbai tsadarsa ta fi ƙarfinsa. Da rana masu sadaka kan zo da manyan tukwane na shinkafa da miyar wake, a yi layi ba hayaniya. Baƙo daga waje ba ya cikin rangwamen, farashinsa daban ne, kada dillali ya ce maka kyauta ne. Mu ɗaki muka kama mai ɗan madafi a wani lungu, tafiyar minti goma a ƙafa.

Mako biyun farko duk gwaje-gwaje ne: hoton maganaɗisu na ƙashin cinyar tun daga ƙugu har gwiwa, hoton huhu, hoton ƙasusuwan jiki gaba ɗaya, gwajin zuciya da ƙoda da ji, sannan aka ɗebi naman da allura. Huhu ya fito fes, alhamdu lillahi. Ranar da aka zauna da mu don tsara magani na ciro takardar dillalin nan na miƙa wa likita. Ya karanta har ƙarshe, bai yi dariya ba, ya juya bayanta ya zana mini ƙafa.

Ga abin da na fahimta. Maganin da ake kai wa gaɓa kaɗai gaskiya ne akwai shi, iri biyu ne ma. Na farko, a zura siririn bututu ta babbar jijiyar matsematsi, a bi da shi har bakin jijiyar da ke shayar da ƙarin, a ɗura maganin nan, ya fara isa ga ciwon da ƙarfinsa. Amma daga nan jini zai kwashe shi ya zagaya jiki, don haka batun ba amai ba zubar gashi bai taso ba. Na biyu ya fi girma, tiyata ce sosai. A ɗaure gindin cinya tamau, a haɗa jijiyar da ke kai jini da mai dawo da shi da na'ura irin ta aikin zuciya, ƙafar ta koma tana zagaya jininta ita kaɗai. A ɗumama jinin, a zuba magani mai ƙarfin da in ya shiga jiki duka zai yi kisa, a bar shi ya yi ta zagaye kamar awa guda, a wanke, a kwance ɗaurin. Likitoci biyu, Creech da Krementz, su suka fara wannan a New Orleans ta Amurka a 1957. Har yau ana yin sa, kuma yana ceton gaɓoɓi, amma ga wata sankarar fata da sankarar tsoka. Ga ta ƙashi, irin na farkon ne aka gwada sosai, a Amurka da Italiya da Jamus. Binciken da likitocin Jamus suka jagoranta a shekarun 1980 ya nuna cewa idan ana haɗa magunguna masu ƙarfi da yawa, ɗura ɗaya daga cikinsu ta jijiyar ƙarin bai fi ɗura shi ta hanyar da aka saba ba. Shi ya sa yawancin manyan asibitoci ba su mai da shi hanyarsu ta kullum ba.

Sai ya zo kan maganar da ta sa jikina ya yi sanyi. Ya ce ciwon a gwiwa yake, amma ba ta gwiwa yake kisa ba, ta huhu yake yi. Kafin shekarun 1970, lokacin da yanke ƙafa ne kaɗai magani, ana yankewa tun daga sama, wuri ya warke sarai, amma cikin yara goma takwas ko fiye sai ciwon ya ɓullo musu a huhu su rasu. Ma'ana tun ranar da aka gano shi ƙwayoyinsa sun riga sun bi jini, ƙanana ƙwarai, hoto ba ya ganinsu. Da aka fara ba da maganin da ke zagaya jiki duka, sai ya zama shida zuwa bakwai cikin goma na waɗanda ciwon bai bayyana a wani wuri ba suna haura shekara biyar. Nan take na tuna gobarar kasuwa. Kowa kan rumfar da ke ci yake zuba ruwa, alhali iska ta riga ta kai tartsatsi kan rufin layi na uku. Wahalar da dillali ya yi mana alkawarin kauce wa, ita ce alamar magani ya je inda tartsatsin yake. Da dare na kira ƙanena na faɗa masa haka da misalin gobarar, ya yi shiru ya ce, "Yaya, a yi abin da suka ce."

Magungunan sanannu ne a duniya: doksorubisin, ja ne kamar zoɓo, har fitsari yake rinawa, kuma ana lissafa yawansa don yana taɓa zuciya; sisfilatin, mai sa amai, mai son ƙoda da ji, shi ya sa ake haɗa shi da ruwa leda bayan leda; sai metotireksat mai ruwan ɗorawa, wanda wasu asibitocin kan maye gurbinsa da ifosfamaid. Ana yin kamar wata biyu da rabi zuwa uku kafin tiyata, a ci gaba bayanta. Kafin a fara an yi mana wata magana da kunya kan hana mu yi, cewa maganin yana iya taɓa haihuwa, kuma akwai inda ake adana maniyyin saurayi. Iyaye su tambaya, ba abin kunya ba ne. Gashin Auta ya zube a mako na uku. Ya dubi madubi ya ce, "Baffa, an hutar da kai kuɗin aski." Bayan kwana biyu ko magana ba ya iya yi don gyambon baki.

Dokar da aka fi jaddada mana ita ce ta zazzaɓi. Kamar mako guda zuwa biyu bayan kowane zagaye sojojin jini kan faɗi ƙasa, zazzaɓin da a gida za a ce a sha farasitamol a kwanta, a nan na gaggawa ne ko da ƙarfe biyun dare ne. Sau biyu muka yi irin wannan fitar. Abincin titi kuwa an hana shi sam. Nan ne Mumbai ta yi mini abin da ban zata ba. Mutanen jihar Maharashtra masu cin dawa da gero ne, jowar da bajra suke ce musu, ana sayar da garinsu a kowane kanti. Ga kuɓewa, ga tsamiya, ga zogale har da 'ya'yansa. Ni da ban taɓa riƙe muciya ba, sai ga ni ina tuƙa tuwon dawa, uwar yaron tana koya mini ta waya. Ranar da cikinsa ya ƙi komai, kunun tsamiya yake karɓa. Naman sa dai babu, doka ta hana yanka shi a jihar, sai na ɓauna da na akuya. In na sami sarari nakan hau jirgi zuwa wajen titin Muhammad Ali in yi salla a Masallacin Minara, in leƙa kasuwar yadi ta Mangaldas in taɓa haja, don hannu kada ya manta.

Damina ta sauka a watan Yuni, daidai lokacin tiyata. Ruwan Duwala ba wasa ba ne, amma na Mumbai in ya haɗu da cikar teku sai Hindmata ta koma tafki, mutane na ratsawa da fayil a ka.

An sake hoto, aka ga kumburin ya ja baya ya yi ɓawo, kuma bai naɗe manyan jijiyoyin da ke bayan gwiwa ba. Wannan shi ne ma'aunin. Sharaɗin ceton ƙafa shi ne a iya ciro ƙarin dunƙule guda, lulluɓe da lafiyayyen nama ta kowane gefe, a kuma bar jijiyar jini da ta motsi da isasshiyar tsoka da fatar rufewa. A manyan cibiyoyi yau kusan tara cikin goma na masu wannan ciwon ana ceton gaɓarsu. Waɗanda ke zuwa a makare, ƙari ya fashe ya zama gyambo ko ya cinye jijiyoyi, su ne lissafin ba ya hawa kansu.

Abin da ake cike gurbin da shi kuwa, nan ɗan kasuwa zai sha mamaki. Akwai ƙashin ƙarfe mai haɗe da gwiwarsa, ana soke shi cikin ragowar ƙashin a riƙe da siminti na musamman. Akwai ƙirar Turai, akwai ƙirar Indiya mai sauƙin kuɗi. Ga ƙananan yara akwai wanda ake ƙara wa tsawo yayin da suke girma. Akwai kuma dabarar da ta fi burge ni: a yanko ƙashin mai ciwo, a kankare ƙarin, a naɗe shi a kai shi ɗakin na'urar haske a gasa shi da ƙarfin da babu ƙwayar da za ta rayu, a dawo da shi a ɗaure da faranti da kusoshi, duk mara lafiya na kwance a kan tebur. Ƙashinka ne, daidai da kai aka halicce shi. A Japan daskarar da shi suke yi a ruwan naitirojin. Wani lokaci kuma a ɗauko siririn ƙashin gefen ƙwauri a dasa. Na Auta ya matso gwiwa sosai, kuma ya kusa gama tsawo, don haka ƙarfe aka zaɓa. Likita ya gaya mana tun kafin a shiga cewa in ya buɗe ya ga ba za a iya cirewa da tsabta ba, zai yanke, sai da na sa hannu a kan haka. Ban taɓa sa hannu a takarda mai nauyin wannan ba.

An fito da shi da ƙafarsa. Bayan kamar mako biyu sakamakon ƙashin da aka cire ya fito: gefunan duk lafiyayyu ne, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin ciwon sun mutu, wanda shi ne abin da likitoci ke kira amsa mai kyau. Na zaci an gama, ashe saura wata huɗu na kemo. Nan ne mutane da yawa ke karaya, kuɗi ya ƙare, yaro ya miƙe, a ce ai ya warke. Duk wanda zai yi lissafin tafiyar nan ya yi shi har ƙarshe, da kuɗin ɗaki da na abinci da na kwanciyar gaggawa. Kuɗin tiyata kaɗai dillali ke faɗa.

A layin ganin likita na saba da mutane ba tare da yare ba. Akwai wani yaro ɗan shekara bakwai ko takwas da aka yi wa aikin da in ba ka gani da idonka ba za ka ce ƙarya ne. An cire gwiwar da ciwon, aka ɗauko ƙwaurin aka juya shi gaba ya koma baya, aka haɗa da cinya, idon sawu ya zama gwiwa, sannan aka sa ƙafar roba a ƙasa. Ranar farko kau da kai na yi. Daga baya na ga yaron nan yana tsere a baranda, abin da Auta da cikakkiyar ƙafarsa ba zai sake yi ba. Akwai kuma wani dattijo mai gemu, Musulmi, da muke salla tare. An ce masa ƙafar ɗansa ba za ta tsira ba, yankewa ce za ta ba shi damar rayuwa. Ya nuna mini da hannu cewa manoma ne su, wa zai ba gurgu mata? Na sami wani ya fassara, na ce masa mai ƙafa ɗaya yana aure, yana kasuwa, a garinmu har da masu shaguna. Ya riƙe hannuna ya yi ta kuka. Mako na gaba ban gan su ba, wani ya ce sun hau jirgi sun koma gida. Ina ganin mu ma da an ce mana haka, da rigimar da za a yi a gidanmu ba ƙarama ba ce, kuma da ina cikin masu cewa a yanke.

Ƙafar da aka ceto ba ita ce ta da ba, wannan ma a sani. Kwana kaɗan bayan aiki masu gashin ƙashi suka tada shi tsaye, aka yi makonni ana fama da lanƙwasa gwiwa yana zufa yana kiran sunan uwarsa. Cikin wannan fama ne aka yi bikin gunkinsu Ganesh, wanda babban dandalinsa ke Lalbaug, maƙwabciyar Parel, kwana goma ana kiɗa kamar za a tsaga gari, shi kuwa yana bin kiɗan da ƙirgen ɗaga ƙafa. Yau yana tafiya ba sanda, sai ka lura za ka ga ɗingishi. Ƙwallo dai an yi sallama, tsalle da gudu ma haka. Gwiwar ba ta naɗewa har ƙarshe, don haka zaman tahiya a kan kujera yake yi, kuma sai da aka sauya masa masai na tsuguno da na zama kafin mu dawo. Hawa bensikin a cunkoson Duwala mun hana shi. Ƙarfe yana iya sassautawa ko ya ci da shekaru, a sake aiki, kuma ƙwayar cuta na son sa, ko haƙori ne ya ruɓe sai an yi maza an kula.

Mun taso a watan Nuwamba da akwati guda na takardu: rahoton tiyata, sunan ƙarfen da lambarsa, lissafin kowane magani da yawan da aka ba shi, da faifan hotuna. A filin jirgi ƙofar bincike ta yi ƙara, ma'aikaci ya sa shi ya cire bel ya sake wucewa, ta sake yi. Auta ya ciro wasiƙar likita ya miƙa masa, ya ɗage wando ya nuna ɗinkin da ya taso daga tsakiyar cinya har ƙasan gwiwa. A shekara biyun farko duk bayan wata uku ake hoton huhu da na ƙafar. A nan Duwala muke yi, likitan nan da ya fara gano ciwon ya duba, mu tura wa na can. An yi uku, duka lafiya. Na huɗu ranar Litinin ta sama ne, ubansa ya ce shi zai kai shi.